Baƙin Salatif a Ƙirjin Baba

A gidanmu babu abin da yake lalacewa. Firiji ba ya lalacewa, fanka ba ta lalacewa, rediyo ma haka. Ciwon kayan gidanmu guda ɗaya ne tak, kuma Baba ya san shi tun kafin ka gama yi masa bayani: waya ce ba ta zauna ba.

Shekara talatin da huɗu ya yi yana aikin wutar lantarki, yana ja wa gidajen mutane waya, yana hawa falwaya da sauka, kuma duk ilimin da ya tara a shekarun nan ya dunƙule ya koma wannan magana ɗaya. Ƙwan fitila ya yi ƙyafta-ƙyafta, waya ce ba ta zauna ba. Motar maƙwabci ta ƙi tashi, waya ce ba ta zauna ba. Lokacin da auren Yayana na farko ya mutu, dangi suka cika falo kowa yana kawo nasa dalilin, Baba ya saurare su tsaf har suka gaji, sannan ya gyara zama ya ce shi tun ranar farko ya ga wayar ba ta zauna ba. Sai da Umma ta yi kwana biyu ba ta ce masa ci kanka ba.

Wa'azinsa na biyu ƙanen na farko ne. Duk wayar da ya sa a rami ya ɗaure da sukuru, sai ya kama ta da yatsu biyu ya ɗan ja. "Ka ɗaure, sannan ka ja," in ji shi. "In ta biyo ka, ba ka yi aiki ba, wasa ka yi." Mun ji wannan tun muna rarrafe. Har igiyar shanya Baba ba ya wucewa bai ja ta ba.

Ni ce autarsa, kuma ni ce mai ilimin gidan, in dai ni aka tambaya. Malamar kimiyya ce ni a sakandare. Kowace shekara ina zana wa ɗalibai batir da ƙwai da makunni a kan allo, in haɗa su da layuka miƙaƙƙu. A kan allona waya ba ta taɓa kwancewa ba, domin da alli nake ja ta. Sukurdireba kuwa ban taɓa riƙe ta da niyyar aiki ba, amma wannan bai hana ni gyara wa Baba bayani ba duk lokacin da ya buɗe baki a kan wuta.

Ciwonsa ya fara ne da jiri. Wata safiya ya sauko daga tsani ya zauna a ƙasa ya kasa tashi. A asibiti aka ƙirga bugun zuciyarsa aka samu talatin da biyu a minti, abin da ya kamata ya ninka haka. Likitan zuciya ya ce hanyar da saƙon bugu yake bi daga saman zuciya zuwa ƙasanta ce ta toshe. Baba yana kwance da roba a hanci ya ɗaga yatsa zai yi magana, Umma ta ce, "Injiniya, wallahi ka faɗe ta, tafiyata zan yi." Ya mai da yatsansa.

Likitan nan masu jinya sun sa masa suna Minti Uku, kuma ba ƙarya suka yi masa ba. Mutum ne mai tsabta, mai ƙamshi, ya iya aikinsa, sai dai in yana magana da kai takardarka yake kallo, in kuma ya ɗago kai sai ya nemi wanda ya fi kowa kyan riga a ɗakin ya yi masa bayanin. A wurinmu Yaya ne ya ci wannan sarauta. Shi aka gaya wa cewa za a sa wa Baba batirin zuciya, Baba kuma ya ji labarin a gefe.

Wadda ta yi wa Baba bayani na gaskiya wata mata ce da ke kula da na'urorin, muna ce mata Mai Allo saboda kwamfutar da take turowa a kan keke duk inda za ta. Ta kawo masa samfuri ya riƙe. Ɗan ƙarfe ne mai sheƙi, bai kai akwatin ashana ba, kuma ya fi shi siranta. Za a sa shi a ƙarƙashin fata, ƙasan ƙashin wuya ta hagu. Waya siririya mai laushi za ta bi ta jijiya ta gangara har cikin zuciya. A saman ƙarfen akwai wani kai na roba garai-garai, kana ganin cikinsa, da rami a jiki. Nan ake cusa bakin wayar, wanda yake da tsinin ƙarfe, har sai an hango tsinin ya wuce wani ɗan dunƙulen ƙarfe ya leƙo ta baya. Sannan a ɗaure sukuru ƙarami da wani mabuɗi na musamman da ke yin ƙas idan ɗaurin ya kai.

Tun da aka kwantar da shi ban ga fuskar Baba ta yi haske irin na ranar ba. Ya juya abin gaba da baya, ya cusa wayar, ya zare, ya sake cusawa.

"Ashe soket ne," ya ce.

"Kusan haka ne, Baba," in ji Mai Allo.

"Ba kusan ba ne, ɗiyata. Soket ne. Kawai dai naku ya yi makaranta."

Da Minti Uku ya shigo sa hannu, Baba ya tare shi da tambaya. "Likita, in ka ɗaure, kana ja?"

Likitan ya yi murmushin da ake yi wa yaro in ya tambayi inda rana take kwana, ya dubi Yaya ya ce, "Ka gaya wa Baba ya bar mana namu. Mu ma ai ba ma hawa masa falwaya." Yaya ya yi dariya har da buga cinya. Ni ma na yi, kuma ina tuna cewa tawa ta fi tasa ƙarfi.

Aikin bai kai awa biyu ba. Ba a sa shi barci ba, wurin kawai aka kashe aka rufe masa fuska da ƙyalle. Da aka fito da shi bugunsa sittin cif, leɓensa ya dawo kalarsa, Umma tana ta hamdala. Shi kuwa abin da ya fara faɗa shi ne, "Na ji ƙas ɗin. Ban ji an ja ba."

"Baba, an kashe maka wurin," na ce. "Ko tsani aka jingina maka ba za ka ji ba."

Aka ba mu takardar dokoki: kada ya ɗaga hannun hagu sama da kafaɗa har sati shida, kada ya kusanci injin walda ko babban janareta, aikin wuta kuma ya yi sallama da shi. Na manna takardar a jikin firiji, na ja layi ja a ƙarƙashin ta ƙarshen.

Sati shida suka wuce lafiya. A na bakwai ya miƙa hannu zai rataye rigarsa a ƙusa, sai ga shi a zaune a bakin gado yana zufa. Kwana biyu bayan nan abin ya sake faruwa yana juyawa zai ɗauki tawul. Da wani mara lafiyan ne, da ya kira 'ya'yansa. Baba ƙofa ya rufe ya shiga bincike, kamar yadda yake yi wa gidan da wutarsa take zuwa tana ɗaukewa. Ya sa yatsun dama a jijiyar wuya yana jin bugu, ya ɗaga hannun hagu a hankali, ya mai da shi baya, ya sauke. Ya dafa ƙarfen ta saman fata, ya tura shi sama, ya tura shi ƙasa. Kwana uku ya yi a haka ba mu sani ba.

Ran kwana na huɗu muna cin abincin rana ya ajiye cokali ya ce yana da magana.

"In na tura shi sama na danne, bugu ba ya tsalle ko ɗaya. In na sake shi na mai da kafaɗa baya, sai ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke. Abin da yake ɗaukewa in an motsa shi ba lalacewa ya yi ba." Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Wayar ce ba ta zauna ba."

Yaya ya ƙware da ruwa, sai da Umma ta bubbuga masa baya. Ita kanta ta juya fuska tana danne dariya. Ni kuwa na ce, "Baba, an yi maka ritaya daga aiki. Yaushe za a yi maka daga wannan maganar?"

Na faɗa ne don a yi dariya, kuma an yi. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Duk da haka mun kai shi asibiti, domin mu 'ya'ya na gari ne kuma muna so a shaida. Aka kwantar da shi tsam a kan gado, Mai Allo ta manna masa ƙananan faci a ƙirji, ta ɗora wani abu mai kama da marfin kwalba a kan ƙarfen tana dannawa da hannu. Mutum a kwance ba ya motsi, ga shi an danne masa wurin da yake so a danne, me kake tsammani? Komai ya fito daidai. Sai dai ta ce na'urar ta ajiye tarihin wasu lokuta da ta ji hayaniyar wuta, sau goma sha wani abu.

Minti Uku ya duba takarda. "Me ma kuka ce sana'arsa?"

"Aikin wuta," in ji Yaya.

"To." Likitan ya rufe fayil, ya jingina da kujera. An gano ɓarawo. "Irin wannan hayaniyar daga waje take shigowa. Tsohon nan yana taɓa kayan wuta a ɓoye. Ku raba shi da su. Jirin kuma zan rage masa maganin hawan jini."

"Likita, ban taɓa ko makunni ba," in ji Baba. "Ka ɗan motsa ta da hannunka ka gani. Ko ka bari in ɗaga kafaɗa tana kallon allon."

"Baba, duk haka kuke cewa." Ya riga ya danna ƙararrawar kiran na gaba.

Na ga Mai Allo ta buɗe baki, ta dubi likitan, ta rufe. Ta shiga naɗe wayoyinta a hankali fiye da yadda ya kamata.

Ranar da yamma muka yi wa Baba kame. Ni na jagoranta, don kada tarihi ya ba Yaya abin da ba nasa ba. Na ɗauki akwatin aikinsa na ƙarfe, mai ɗauke da filaya da tasta da sukurdireba masu hannun roba da mitar gwaji, na sa a cikin durowata na kulle. Na bi ɗaki-ɗaki na tsince duk wata guntuwar waya. Har na yi masa lacca a kan yadda wuta take watsa ƙarfinta a iska, da zane a bayan ambulan. Ya zauna yana kallon zanen da ladabi.

"Kin gama, Malama?"

"Na gama."

"Zanenki ya yi kyau," ya ce, ya tashi ya shiga ɗaki.

Abin mamaki, sai jirin ya tsaya. Sati ɗaya, biyu, uku, Baba bai sake zama a bakin gado yana zufa ba. Muka yi ta taya juna murna. Yaya ya buga wa dangi waya yana ba da labarin yadda ilimin zamani ya yi maganin taurin kai. Ni kuma na ba da misalinsa a aji, ban dai faɗi cewa ubana ba ne. Mun lura cewa ya daina amfani da hannun hagu gaba ɗaya, yana tafiya da shi a manne da haƙarƙari, kuma ya koma sa riga mai maɓalli har wuya ko ana zafi. Muka ce tsufa ne.

Umma ce ta kira ni wata Asabar da hantsi, muryarta ƙasa-ƙasa. "Zo ki ga abin da ubanki yake yi wa kansa."

Yana tsaye gaban madubi ba riga. Ya linke hankici gida huɗu ya tokare shi a ƙasan ƙarfen, ya bi ta kai da baƙin salatif irin na naɗe waya, daga kafaɗa ya gangaro har haƙarƙari, layi bisa layi, kowanne ya hau rabin ɗan'uwansa. Ashe ƙullin salatif ɗaya ya tsira a aljihun tsohon wandonsa. Aiki ne mai tsabta ƙwarai, wannan kam ba zan hana shi ba. A gefen salatif ɗin fatarsa ta yi ja, wani wurin ta saɓule.

"Baba, mene ne wannan?"

"Gyaran wucin gadi ne, kafin mai aikin ya dawo ya gyara abinsa."

"A jikin mutum? Salatif ɗin waya?"

"Sati uku ban faɗi ba," ya ce, yana yanke bakin salatif ɗin da haƙori. "Ke kika ce akwatina ne. To akwatina yana wurinki. Ki zaɓi wanda kike so ki gode wa."

Na yi faɗa ranar har muryata ta dushe. Na kawo maganar ƙwayar cuta, wadda gaskiya ce. Na kawo maganar ɗinki, ita ma gaskiya ce. Amma abin da yake cin raina ban faɗa ba: Laraba mai zuwa ranar ganin likita ce, kuma ina hango fuskar Minti Uku in ya buɗe rigar uban malamar kimiyya ya tarar da shi a naɗe kamar tsohuwar wayar dutsen guga. Baba ya yi kunnen uwar shegu da ni, ya ɓalla maɓallansa har wuya.

Ranar Laraba muna zaune a dogon bencin baranda, mutum shida a gabanmu, na hango baƙin abin yana leƙowa ta wuyan rigarsa. Yaya ya fita amsa waya, Umma ba ta zo ba. Na ja Baba zuwa lungun da ake auna nauyi, na saki labule.

"Cire shi za mu yi."

"Auta, bar shi. Ki bari mu shiga ya gani da idonsa, in nuna masa inda nake dannewa."

"Ya gani ya ce me? Ya ce ba ka da 'ya'ya?"

Ya dube ni na ɗan lokaci. Sannan ya sauke hannunsa ya bar ni. Na ɓalle maɓallan na shiga ɓamɓarowa, salatif ɗin yana tahowa da gashi da 'yar fata. Na dunƙule shi da hankicin na jefa a kwandon shara, na goge yatsuna da audugar asibiti. A ƙirjinsa shatin ya fito sarai, jan layi daga kafaɗa zuwa haƙarƙari, da murabba'i fari a inda hankicin ya zauna. Ya ɗora tafin hannun dama a kan murabba'in nan, bai sake ɗagawa ba har aka kira mu.

A ciki komai kamar wancan karon. Minti Uku yana rubutu, Yaya ya dawo ya tsaya kusa da shi don a samu wanda za a yi wa bayani. Mai Allo ta manna facinta, layin bugu ya fito a kan allon yana tafiya, tsini-tsini a jere. Ta ga shatin da ke ƙirjin Baba, ta dube shi, ta ci gaba da aikinta.

"Ai na ji labari jiri ya tafi," in ji likitan, bai ɗago ba. "Kun ga amfanin jin magana."

"Baba, ɗan ɗaga hannunka in ɗora wannan," in ji Mai Allo.

Baba bai bari ta ɗora ba. Ya tashi zaune a bakin gadon, ya ce mata a hankali, "Ɗiyata, ki bar idonki a kan allon. Kada ki kalle ni." Na san wannan muryar. Da ita yake cewa mai gida ya tsaya ya kalli ƙwai yayin da shi yake girgiza waya a bayan soket, domin mai gida ba ya yarda sai wuta ta ɗauke a gabansa.

Ya ɗauke hannun dama daga ƙirjinsa. Ya ɗaga na hagu sama, ya mai da kafaɗar baya iya ƙarfinsa.

Layin ya yi tsalle ɗaya, ya yi wani kaca-kaca, sannan ya miƙe. Na sha zana miƙaƙƙen layi a kan allo, ban taɓa jin tsoronsa ba sai ranar. Mai Allo ta ce, "Likita." Ta sake cewa, "Likita, ba ya kamawa." Idon Baba ya juye, kansa ya faɗa baya ya bugi ƙarfen gadon, hannun ya zube. Na yi tsammanin saukar hannun zai dawo da bugun. Bai dawo ba.

Kujerar likita ta kife. Wani yana kiran a kawo keken gaggawa, Yaya yana ta maimaita sunan Allah a bakin ƙofa. Ni ba tunani na yi ba, kada in yi wa kaina ado. Farin murabba'in nan kawai na gani a tsakiyar jan fata, na ɗora tafin hannuna a kai na tura sama na danne, yadda na ga hankicin ya tokare.

Tsini ɗaya ya fito a allon, sannan wani, sannan suka jeru. Baba ya ja numfashi mai ƙara.

Minti Uku ya tsaya da hannuwansa a sama, ya riga ya shirya danna ƙirji. Ya kalli allon, ya kalli hannuna. "Sassauta kaɗan," ya ce. Na sassauta, layin ya fara kaca-kaca. "Danna. Danna. Kada ki ɗaga."

Ban ɗaga ba. Kusan minti arba'in na yi a sunkuye ina bin gadon da gudu-gudu ta baranda, ta gaban waɗanda suka zo bayanmu suna jiran layi, har sai da aka manna masa wata na'ura ta waje da za ta riƙe bugun. Malamar kimiyya da digirinta, aikin da ta samu a ranar shi ne na hankici da salatif, kuma ba ta kai su iyawa ba. A wani wuri a hanya Baba ya buɗe ido ya ga hannun wane ne a ƙirjinsa. Ya ce, "Sama kaɗan," ya sake rufe idon.

Hoton ƙirji ya nuna abin. Da aka ƙara girmansa, ga dunƙulen ƙarfen, ga sukuru, ga tsinin wayar ya tsaya bai leƙo ta baya ba. Abin da ya rage masa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Sukurun ya yi ƙas ɗinsa da gaskiya, amma bakin tsinin kawai ya ɗan cafka, yau ya taɓa gobe ya saki.

Likitan ya tara mu a ofis. A wannan karon mun samu fiye da minti uku, har kujera aka ba mu. Ya yi bayani mai tsawo wanda babu mai aikatawa a cikinsa: an samu ɗan rashin daidaito, an fuskanci yanayin da ba a cika gani ba, abu ne da kan faru ko a manyan ƙasashe. Yaya yana ta gyaɗa kai har aka gama, sannan ya ce, "To likita, a taƙaice me ya faru?"

Likitan ya shiga gyara takardun da ke gabansa. Mai Allo ce ta amsa daga bakin ƙofa.

"Wayar ce ba ta zauna ba."

Babu wanda ya ƙware da ruwa a wannan karon.

Washegari da safe aka sake buɗe wurin. Minti ashirin da biyar aikin ya ɗauka. Mai Allo tana ciki, ita ta ba mu labari daga baya. Ta ce da mabuɗin ya yi ƙas, sai aka ji murya daga ƙarƙashin ƙyallen ta ce, "Ja." Likitan ya kama wayar da yatsu biyu ya ja, ya ce, "Na ja, Baba. Ta zauna." Muryar ta ce, "Sake, ban ji ba." Ya sake. Mai Allo ta ce a gaban kowa likitan ya ba Baba haƙuri, kuma fuskarsa ya kalla ba takarda ba. Na ji daɗin wannan, na kuma ji haushi, domin ya riga ni.

Mun dawo gida da sabuwar takardar dokoki, wani sati shidan ba ɗaga hannu. Na yi ta jiran ranar da Baba zai zauna a falo ya karɓi bashin dariyarmu ɗaya bayan ɗaya, har na shirya fuskar da zan yi. Bai yi ba. Maganar ma gaba ɗaya ya daina faɗa. Fankar ɗakin Umma ta tsaya, ya ce a kira mai gyara. Gidan ya yi wani irin shiru da ban so ba.

Ran kwana na biyar na buɗe durowa na ɗauko akwatin, na kai masa har ɗaki na ajiye a gabansa. Na durƙusa. Na tsara jawabi mai kyau tun a makaranta, amma abin da ya fito guntu ne.

"Baba, ka yafe mini. Likita ne ya ce daga waje hayaniyar take, ni kuma..."

"Likita bai san ni ba, Auta." Ya buɗe akwatin yana duba kayansa ɗaya-ɗaya, bai kalle ni ba. "Minti uku gare shi. Ke shekara talatin da ɗaya kika samu."

Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi. Na zauna a ƙasa na yi kuka sosai, ya bar ni na yi, yana goge bakin filaya da gefen zanin gado. Da na tsagaita ya ce ya yafe tun a kan gadon asibiti, in tashi haka nan ƙasa akwai sanyi.

Ƙwan barandarmu ya fi wata yana ƙyaftawa, kowa yana wucewa ta ƙarƙashinsa yana yi kamar bai gani ba. Da muka fito daga ɗakin ya yi mana ƙyaf-ƙyaf a ka. Baba ya ɗaga ido ya kalle shi, ya sauke.

"Waya ce ba ta zauna ba," na ce.

"Haka kike gani, Malama?"

Ya sa na kashe babban makunnin gidan, ya sa na gwada da tasta sau biyu. Na jawo kujera na hau, ya miƙo mini sukurdireba mai jan hannu da damansa, na hagun yana manne da haƙarƙari. Na cire ƙwan, na kwance marfin, ga wayar nan tana lilo a bakin raminta. Na cusa ta, na ɗaure sukurun har sai da wuyan hannuna ya yi zafi. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ɗauko marfin zan mayar, sai na lura Baba bai ce madalla ba, yana tsaye kawai riƙe da bayan kujerar yana kallon bango.

Na ajiye marfin. Na kama wayar da yatsu biyu na ɗan ja, sai ta biyo hannuna.